Daga anini zuwa kwandala: Yadda iyali za su tara tarihi da ragowar canji

Mai karatu, yaushe rabonka da karɓar kwandala a matsayin canji? Idan a Legas kake zaune, ko Abuja, ko Ibadan, ko Fatakwal, da wuya ka iya tunawa. Yau idan canjinka ya maƙale a kanti, ko dai a miƙo maka alewa, ko a ce ka yafe, ko kuma ka ciro waya ka yi tiransifa. Yaron da ke aji uku a ƙaramar sakandare yana jin mahaifinsa na cewa ba shi da ko sisin kwabo, amma bai taɓa riƙe sisi ko kwabo a tafin hannunsa ba.

Sai dai aljihu kawai sulalla suka bari, suna nan a gidajenmu. Suna gindin adakar kaka, suna cikin tsohuwar kwalla, suna cikin lalitar da marigayi ya bari, suna aljihun jakar da Alhaji ya dawo da ita daga Makka. Matsalar ita ce kullum raguwa suke yi. Duk lokacin da aka tashi daga gidan haya, ko aka yi sharar sallah, wasu sukan bi shara, wasu kuma su faɗa hannun ’yan jari-bola a auna su a sikeli tare da tsohon ƙarfe. Dattawan da suka san abin da kowace kwandala ta saya a zamaninta su ma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Tara tsofaffin sulalla sha’awa ce da mutane ke yi a duk faɗin duniya, kuma ba sai mai hali ba. Kai maigida, ke uwargida, za ku iya fara ta a wannan makon ba tare da kun kashe abin da ya kai kuɗin katin waya ba. Ribar da ke cikinta ta yara ce, domin za su koyi tarihi da lissafi da haƙuri, su kuma samu dalilin ajiye waya su zauna kusa da kakanninsu. Akwai kuma haɗari biyu da ya wajaba ku sani kafin ku fara: na lafiyar ƙananan yara, da na ’yan damfara.

Ku fara da sunayen da ke bakinmu

Kalmar kuɗi ita kanta jam’in wuri ce, wato ƙwanson nan na teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda akasarinsa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya aka riƙa kawo shi. Idan an samu wuri ko ɗaya ne a gida, da shi za a buɗe tarin.

Da Turawan mulkin mallaka suka zo da kuɗin Ingila, sai Bahaushe ya raɗa wa kowane suna. Anini 10 su ne kwabo ɗaya. Rabin kwabo shi ne ɗari. Kwabo ɗaya da rabi ahu, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, 12 kuma sule. Sule biyu su ne dala ko fataka, sule 20 kuma fam guda. Ku ba yaro wannan a matsayin aikin gida: anini nawa ne a fam ɗaya? Idan ya kawo 2,400, ya ci tukuici. Ku kuma gaya masa cewa tauraron da ke kafaɗar hafsan soja, wanda har gobe muke kira anini, daga wannan ɗan ƙaramin kuɗi ya samo suna.

Kashi huɗu na sulallan Najeriya

Domin kada tarin ya zama tarkace, ku raba shi gida huɗu bisa zamani.

Kashi na farko shi ne na Afirka ta Yamma ƙarƙashin Ingila. An fara buga anini da kwabo mai huji a 1907, sannan a 1912 aka kafa hukumar kuɗi guda da ta riƙa yi wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Za ku gane kwabon wannan zamani da hujin tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da kuma rubutun Larabci da ke faɗin darajarsa. Sulen kuma bishiyar kwakwar manja ce a bayansa. Ku duba shekarar 1936 da kyau, domin akwai anini da ɗari da kwabo masu ɗauke da sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a watan Disamba na wannan shekara kafin a yi bikin naɗa shi. An buga su da yawa, saboda haka ba su da tsada, amma labarinsu na da daɗin ba yara. Idan kuka ga ɗan ƙaramin harafin H ko KN a jikin kuɗin, alamar masana’antar da ta buga shi ce a birnin Bamingham na Ingila.

Kashi na biyu na 1959 ne, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a ranar 1 ga Yuli, ya kuma fitar da kuɗin ƙasar na kanta. Ɗari da kwabo sun ci gaba da zama da huji. Daga taro zuwa sama akwai hoton Sarauniya Elizabeth ta 2 a fuska, a baya kuma amfanin gonar da ƙasar ke taƙama da shi: auduga a taro mai kusurwa 12, koko a sisi, ganyen kwakwa a sule, gyaɗa a dala.

Kashi na uku ya fara ranar 1 ga Janairun 1973, lokacin da aka koma Naira da Kwabo. Fam ɗaya ya zama Naira biyu, sule ya zama kwabo 10, sisi kwabo biyar. An fitar da sulalla biyar: rabin kwabo mai auduga, kwabo ɗaya mai hoton rijiyoyin man fetur, kwabo biyar mai koko, kwabo 10 mai bishiyar kwakwa, da kwabo 25 mai ɗauke da gyaɗa da dalar gyaɗa. Wannan na ƙarshe ya cancanci wuri na musamman a gidan duk wani ɗan Arewa da ke zaune a Kudu, domin yaron da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan zai ga dalar gyaɗar Kano da idonsa, ba a labari kawai ba. Ku lura da taken da ke ƙarƙashin tambarin ƙasa: na 1973 haɗin kai da imani kawai ya ambata, na shekarun baya kuma an ƙara zaman lafiya da ci gaba.

Kashi na huɗu ya ƙunshi na 1991, lokacin da aka mayar da kwabo 50 da Naira ɗaya daga takarda zuwa kwandala, da kuma na ranar 28 ga Fabrairun 2007, zamanin da Farfesa Charles Soludo ke Gwamnan Babban Banki. Kwabo 50 na da hoton masara, Naira ɗaya hoton Herbert Macaulay, Naira biyu kuma, mai launi biyu, ginin Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Ko da yake a 2007 aka sake su, shekarar 2006 ce a jikinsu. A 2012 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya yi shirin mayar da Naira 5 da 10 da 20 kwandala, amma aka dakatar da shirin bayan jama’a sun yi ca a kai. Tun daga nan tsadar kaya ta ƙarasa kore sulalla daga kasuwa.

Idan kuka jera waɗannan kashi huɗu a kan tabarma, yaro zai ga da kansa yadda ƙasar ta tashi daga gyaɗa da auduga zuwa man fetur, da yadda darajar kuɗi ta riƙa zaizayewa. Darasi ne da malami zai yi mako yana bayani.

Canjin da har yanzu yake yawo

A maƙwabtanmu kwandala na nan da ranta, kuma unguwannin Hausawa a Kudu ba sa rabo da matafiya. Mai zuwa Kwatano ta kan iyakar Seme, ko ɗan uwan da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram, ba ya rasa sulallan Sefa a aljihu. Sefar Afirka ta Yamma na ɗauke da tambari mai siffar kifi, wanda aka kwaikwayo daga ma’aunin zinare na ƙabilar Akan. Ta Kamaru da Chadi daban take, kuma tsofaffinta na da kawunan dabbobin daji uku masu dogon ƙaho. A nan ma akwai lissafi, domin Hausawan Nijar da dala suke ƙidaya, kuma dalarsu Sefa biyar ce. Kwandalar da aka rubuta wa 100, dala ashirin za su ce maka.

Mai zuwa Gana zai kawo muku fesuwa da Sidi na sauyin kuɗin da aka yi a 2007. Fesuwa 10 na da hoton littafi, 20 na da koko, 50 kuma hoton ’yar kasuwa. Sunan Sidi ma daga kalmar wuri ya fito a harshen Akan, tamkar dai kuɗi a Hausa.

Alhazai da masu Umara kuwa su ne babbar hanya. Halala 100 ke yin Riyal ɗaya, kuma tun ƙarshen 2016 Saudiyya ta fitar da sababbin sulalla har da na Riyal ɗaya da Riyal biyu, masu ɗauke da shekarar Hijira ta 1438. Yaron da ke zuwa Islamiyya zai karanta lambobin Larabcin da kansa. Kafin Alhaji ya tashi, ku roƙe shi kada ya bar canjinsa a masauki.

’Yan canji, irin na Wuse a Abuja, galibi takardun kuɗi suke hulɗa da su, sulallan ƙasashen waje kan zame musu kaya. Idan kana da sanayya da wani a cikinsu, tambaya kawai za ka yi.

Ƙa’idojin ƙaramin ƙarfi

Na farko, a fara da abin da ke gida da na dangi, a roƙa da ladabi. Kada yaro ya buɗe adakar kaka ba da izininta ba, kuma abin da ke cikin kayan gado sai da yardar magada.

Na biyu, a ɗauki buri ƙarami. Misali, a ce wannan hutun za a haɗa sulalla biyar na 1973. Idan sun cika, a koma kan shida na 1959. Yaron da ya yi wata biyu yana neman rabin kwabo kafin ya samu ya koyi abin da ba a koyarwa a aji. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku, musaya ta fi saye. Wanda ke da sule uku iri ɗaya ya ba da biyu ya karɓi taron da ba shi da shi. A bar yara su yi cinikin da kansu a gaban babba.

Na huɗu, idan har za a saya a wurin masu kayan gargajiya, a yanke abin da ba za a wuce ba a wata, kada kuma a taɓa kuɗin cefane ko na makaranta.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, a sayi littafin rubutu guda. Duk kwandalar da ta shigo a rubuta ƙasarta, da shekararta, da darajarta, da wanda ya bayar, da abin da ya ce game da ita. A tambayi kaka me taro ke saye lokacin tana budurwa, nawa ne sadakinta, nawa aka biya kuɗin jirgin ƙasa ranar da aka fara zuwa Kudu. Nan da shekara 30 wannan littafin zai fi sulallan daraja a wurin jikokinku.

Ajiya da tsabta

Kuskuren da aka fi yi shi ne goge tsohuwar kwandala don ta yi ƙyalli. Kada a sa mata toka, ko yashi, ko lemun tsami, ko man goge baki, ko soson ƙarfe. Suna cinye zanen, kuma masu tara kuɗi sun fi son tsohon launin da shekaru suka bari. Ruwan batir da sauran sinadarai masu ƙarfi kuwa suna ƙona fata, tururinsu na cutar da ido da huhu. Idan akwai ƙasa ko maiƙo, ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun isa, a ɗauraye, a tsane da tsumma mai laushi har ta bushe sarai.

A riƙa kama kwandala ta gefe, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama, musamman kafin cin abinci. Wasu mutane fatarsu ba ta jituwa da ƙarfen nikel da ke cikin fararen sulalla, sai su ga ƙaiƙayi da ƙuraje a yatsu. Mai irin wannan fata ya rage taɓawa.

Danshi shi ne babban abokin gaba a garuruwan bakin teku irin su Legas da Fatakwal da Kalaba. A naɗe kowace kwandala a ’yar takarda ko ƙaramin ambulan, a rubuta bayaninta a kai, a jera cikin gwangwani mai murfi. A jefa ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Leda mai taushi ba ta dace da doguwar ajiya ba, domin wata irinta kan sa tagulla ta yi kore. Ba sai an sayi gilashin ƙara girma ba, kyamarar waya ta isa a karanta ƙananan rubutu. Akwai kuma gwajin da yara ke so: ku kawo mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika, za ku ga ya ɗauki sulallan 1991 domin baƙin ƙarfe ne aka shafe, ya ƙyale na 1973.

Hattara da bakin ƙananan yara

Likitocin yara sun san cewa kwandala na kan gaba cikin abubuwan da yara ke haɗiyewa, musamman daga mai rarrafe zuwa ɗan shekara biyar. Saboda haka gwangwanin tarin ya zauna a wuri mai tsawo ko a kulle. A ƙirga sulalla kafin a baza su, a sake ƙirgawa kafin a mayar. Idan ɗaya ta ɓata, a neme ta a lokacin.

Idan yaro ya haɗiyi kwandala, ko ana zargin haka, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙirji da ciki. Kada a ɗura masa manja, kada a tilasta masa amai, kada a zura yatsa a maƙogwaronsa, kada a ba shi lomar tuwo wai ta tura ta. Yawancin wadda ta riga ta isa ciki takan fita a bayan gida cikin ’yan kwanaki, amma likita ne zai tabbatar da inda take. Dalalar da miyau, ƙin abinci, amai, ko ciwon wuya da ƙirji alamu ne na cewa ta maƙale a hanyar abinci, kuma sai an ciro ta.

Idan kuwa yaron ya shaƙe, ba ya iya kuka ko tari ko numfashi, ba a jira. A sunkuyar da shi a buga bayansa tsakanin kafaɗu da gindin tafin hannu har sau biyar. Idan bai fito ba, ga wanda ya haura shekara ɗaya a tsaya a bayansa a matsa cikinsa sama da cibiya, ciki da sama, sau biyar. Ga jariri kuma ƙirji ake dannawa da yatsu biyu, ba ciki ba. A ci gaba da maimaitawa ana neman hanyar asibiti.

Ku kuma raba batirin agogo da na makullin mota da tarin sulalla. Yana kama da kwandala, amma idan ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona nama cikin awa biyu kacal. Haka ƙananan mayen ƙarfe, idan yaro ya haɗiyi biyu suna iya manne hanji su huda shi.

Akwai kuma al’adar ɗaura wa jariri kwandala a cibiya idan ta turo. Ba ta mayar da cibiya, sai dai ta jawo ƙuraje da shigar ƙwayoyin cuta. Akasarin irin wannan cibiya kan koma da kanta kafin yaro ya kai shekara biyar. Idan ta yi tauri, ko ta sauya launi, ko yaron na kuka da amai, a garzaya asibiti.

Doka da ’yan damfara

Kwabo 50 da Naira ɗaya da Naira biyu na 2007 har yanzu halastattun kuɗi ne. Sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya hana huda kuɗin ƙasa, ko yi masa zane, ko lalata shi, ko yin tallarsa, kuma hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyun. Ajiye su ba laifi ba ne, amma kada a huda su don sarƙa ko makulli.

Sannan duk ranar da aka ji kana tara tsofaffin kuɗi, za a samu mai zuwa ya ce maka kwabo mai huji na da wani sinadari a ciki, akwai Baturen da zai saya da miliyoyi, sai dai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista. Wannan damfara ce. Miliyoyin irin wannan kwabo aka buga, kuma wanda ya sha hannu har ya goge ɗan abin da ake saye bai taka kara ya karya ba. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da kan yi daraja a kayan kakanni shi ne azurfa, kamar liyari, babbar kwandalar nan ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa, wadda ta yi yawo a Borno da ƙasar Hausa, mata kuma suka yi ado da ita. Amma kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ku, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zuwa zamaninmu. Idan akwai ta a gida, a nuna wa amintaccen maƙerin farin ƙarfe ya auna, kada a saki ga mai yawo gida-gida.

Idan tarin ya fara kauri, iyalan da ke Abuja ko masu kai ziyara can su sani cewa Babban Banki na da gidan adana tarihin kuɗi a hedikwatarsa, inda aka jera abubuwan da aka yi ciniki da su tun daga wuri har zuwa Nairar yau. Amma kafin nan, wannan Juma’ar bayan an sauko daga masallaci, ku ɗauki yara da littafin rubutu ku je gaida dattijon da ya fi kowa shekaru a dangi ko a unguwa. Ku roƙe shi ya buɗe tsohuwar lalitarsa, ku bar yaran su yi tambaya, ku kuma rubuta amsar tun yana nan. Allah Ya raya mana zuri’a, Ya sa albarka a abin da za mu bar musu.